Mai Hoton Rumbu da Suri

Yawancin masu ɗaukar hoto a ƙasar Hausa taro suke bi, ko na biki ko na suna ko na siyasa. Amma akwai wasu 'yan ƙalilan da idan suka rataya kyamara sai su juya wa gari baya, su nufi ƙauye da bakin daji. Abin da suke nema ba ya motsi: rumbu, rufewa, akurki, bukkar makiyaya, masallacin ƙasa. Masu zurfin ido a cikinsu kan haɗa da ginin da ba hannun mutum ya yi ba, wato suri, sheƙar marai, ɗakin zanzaro, da sheƙar shamuwa a kan bishiyar tsakar gari.

Mai karatu zai iya tambaya me ya haɗa rumbu da suri har mutum ɗaya zai ɗauke su a matsayin aiki guda. Amsar tana gindin rumbun. Manomi yakan ɗora rumbunsa a kan duwatsu domin ya raba hatsinsa da damshi da kuma gara. Magini yakan zaɓi azarar giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Shi kuma wannan maginin, idan yana son ƙasa mai danƙo ta daɓe ko ta yaɓe, sau da yawa tsohon suri yake zuwa ya sara, domin gara ta riga ta tace ƙasar ta cuɗa ta da yawunta. Magina biyu ne ke zaune a fili ɗaya, ɗaya yana kare kansa daga ɗaya kuma yana cin moriyarsa. Mai hoton da ya gane haka, idan ya tsaya gaban rumbu sai ya durƙusa ya ɗauki duwatsun ƙasansa kafin ya ɗaga kai ya dubi jinka.

Jarin farko a sana'ar nan sanin haske ne. Bangon ƙasa ba shi da launi mai yawa. Kyansa yana cikin sawun yatsun mai yaɓe, da tsagar da rana ta yi, da layin da ruwan indararo ya bari. Rana tsaka tana shafe duk wannan, bango ya fito fayau ba fasali. Shi ya sa aikin na sassafe ne zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, kowane ɗan tudu ya samu inuwarsa. Hazon hunturu yana tausasa inuwa, abin da ke taimakon mai son ɗaukar zanen ƙofar zaure, sai dai ƙurarsa tana shiga kyamara, don haka gwanaye ba sa yarda su canza gilashi a fili idan iska na kaɗawa.

Bayan haske sai sanin lokacin shekara. Rumbu da kaka ake nemansa, sa'ad da aka yi masa sabon shibci aka cika shi da damman gero. Masu yaɓe da rani suke aiki, kafin ruwa ya sauka. Marai kuwa da damina yake saƙa. Namijin ne ke tsago ganyen ciyawa ko na kaba, ya fara da zobe, ya zagaye shi har ya zama ɗaki mai ƙofa ta ƙasa, sannan ya rataya a jikinsa yana kaɗa fiffike yana kiran mace. Idan ta duba ba ta shiga ba har ciyawar ta bushe, yakan warware ya sake sabo. Wanda ke son hoton wannan sai ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku tun da duhu-duhu, ya zauna nesa, ya yi shiru har tsuntsayen su manta da shi.

Suri ya fi kowanne buƙatar ilimi. Wasu sukan fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, amma hoto ba ya nuna girma sai an tsayar da wani ko an jingina sanda a gefe. Garar da ke gina manyan surin nan noma take yi a ciki: tana tara tattaunannen itace da ciyawa a ɗakuna na ƙarƙashi, wani irin naman gwari ya tsiro a kai, shi ne abincinta. Tudun da muke gani a sama cike yake da hanyoyin da iska ke bi ta wartsake gidan. Galibi da dare ake ginin, saboda haka mai sammako ne ya fi samun sabon ɗori, ƙasa jiƙaƙƙiya mai duhu a kan tsohuwa busasshiya. Kafin hantsi ta bushe, launin ya zama ɗaya. Ramin da ke gindi kuma yakan zama aikin dabgi ne, kuma tsohon suri mazaunin macizai ne, don haka ba a zura hannu, ba a sara shi don neman hoton ciki.

Da mutane kuwa ladabi ne ke buɗe ƙofa. Baƙo ya fara sauka wurin mai gari, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan rakiya. Cikin gida ba a shiga sai da izinin maigida. Rumbu ma sirrin mai shi ne, domin yawansa da girmansa suna faɗin abin da mutum ya noma. Tambayar da aka fi yi wa mai hoton ita ce, "Malam, me za ka yi da hoton rumbu?" Dole ya amsa da gaskiya. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, baƙo mai kyamara yana iya shan zargin leƙen asiri, kuma ba za a ga laifin mutanen da suka sha wuya ba idan suka yi zargin.

Waɗanda suka riga mu a wannan aiki sun nuna amfaninsa. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Polan, ya zagaya Nijeriya yana aunawa yana ɗaukar hoto, aka buga aikinsa cikin juzu'i 3 a 1990, bayan rasuwarsa. Shi ne kuma ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A Nijar, masallacin ƙauyen Yama da ke jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, kuma ta hanyar hotuna ne yawancin duniya ta san shi. Abin da ke damuna shi ne fadoji da manyan masallatai sun samu masu ɗaukarsu, amma rumbun talaka da akurkin tsohuwa ba su samu ba, alhali su ne kwano da bulo suka fi saurin korewa.

Sana'ar ba ta ciyar da mai ita ita kaɗai. Masu sayen irin hoton nan kaɗan ne: sassan koyar da zanen gini a jami'o'i, gidajen tarihi, mujallu, masu buga kalanda. Yawanci kuɗin hoton biki ne ke biyan man babur na tafiya ƙauye. Duk da haka ina ganin matashin da ke da waya mai kyamara mai kyau, kuma yana da ƙauyen da aka san iyayensa, ya fi kowane baƙo damar yin aikin. Idan ka ɗauka, ka rubuta sunan garin, da ranar, da sunan wanda ya gina in ya yarda, da irin ƙasa da itacen da aka yi amfani da su. Ka kuma wanke kwafi ɗaya ka mayar wa mai rumbun.