Kwaɗon Zinariya da Dafin da Ba a Gadonsa

Da wanda ya fara cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido ya leƙa kurmin Kauka a yammacin Kolombiya, da ya ga shaidar maganarsa tana tsalle a kan busasshen ganye. Kwaɗon zinariya tsawonsa kimanin santimita 5 ne kawai, amma dafin da ke fatarsa, kimanin miligiram 1, ana ƙiyasta ya isa ya kashe mutum 10. Charles Myers da John Daly da Borys Malkin ne suka bayyana shi ga duniyar ilimi a 1978, suka raɗa masa suna Phyllobates terribilis. Mazauninsa ɗan yanki ne a kewayen kogin Saiha, kusa da gaɓar Tekun Fasifik, inda ruwan sama ke kai mita 5 a shekara.

Mutanen Embera, 'yan asalin yankin, sun san shi tun kafin masana su zo. Da shi suke dafa ƙananan kibau da suke hurawa ta cikin dogon bututu. Ina yaro na ga maharban ƙauyenmu suna wuni kan tukunyar kwankwani kafin kibiya ta ci dafi. Maharbin Embera kuwa bakin kibiyar kawai yake gogawa a gadon bayan kwaɗon da ransa, ya sake shi ya yi tafiyarsa, dafin kuma ya shekara bai mutu ba. Dangin waɗannan kwaɗi sun haura iri 170, amma uku kacal aka tabbatar ana dafa kibiya da su.

Maganar da ta fi yawo a kansa ita ce wai kana taɓa shi ka mutu. Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba, don an ruwaito cewa kaza da kare sun mutu a ƙauyen da su Myers suka yi aiki, bayan sun shiga sharar da dafin ya taɓa. Sai dai kaza da baki take tono, kare kuma lasa yake yi. Kwaɗon nan ba shi da haƙorin sara, ba shi da ƙarin harbi. Dafin, wanda ake kira batrachotoxin, sai ya sami ƙofa: rauni, ko baki, ko ido. In ya shiga jini sai ya buɗe mashigar sinadarin sodiyam a jijiyoyi da tsoka ya hana ta rufuwa, jiki ya sandare, zuciya ta rikice ta tsaya, kuma ba shi da makari. To, da taɓawa kaɗai na kisa, wa zai saura cikin maharban Embera? Ni a ganina an yi wa maganar gishiri. Amma su kansu maharban da ganye suke kama shi, kuma ina tare da su, don wane manomi ne ko mafarauci zai rantse hannunsa ba ƙarce ko ɗaya?

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin ɓuyarsa. Da rana tsaka yake kiwo, rawaya shar, wani ruwan lemo, wani kore-kore mai haske. Launin nan gargaɗi ne: tsuntsun da ya ɗanɗana ya sha da ƙyar ba ya sake kusantar mai irin wannan riga, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wani maciji ne ɗaya, Erythrolamprus epinephelus, aka sani yana jure dafin, shi ma ƙanana yake iya ci.

Ina ƙaunar karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a kan wannan kwaɗo ba ta ci ba. Wanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi, aka ciyar da shi ƙudajen kiwo, yana tasowa da launin ubansa da kukan ubansa, ba ɗigon dafi a jikinsa. Ashe daga abinci yake tara shi. Haske kan wannan ya zo ne daga can tsibirin Niyu Gini: a 1992 John Dumbacher da abokansa suka sami irin wannan dafi a gashin tsuntsun pitohui, a 2004 kuma aka same shi a wasu ƙananan ƙwari dangin buzuzu da tsuntsun ke ci. Zaton masana shi ne wani ɗan ƙwaro makamancin wannan ke ciyar da kwaɗon Kauka. Uba yakan goya 'ya'yansa a baya bayan sun ƙyanƙyashe a cikin ganye, ya kai su ɗan ruwan da za su girma, amma dafi sai kurmi ya ba su.

Shi ya sa hankalina ba ya kwanciya in an ce ai yana da yawa a gidajen namun daji na Turai da Amurka. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, saboda sarar itatuwa, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da noman ganyen koka na hodar ibilis, da masu satar fita da shi. A 2012 gidauniyar ProAves ta keɓe masa wani ɗan daji kusa da Timbiki. Aiki ne na kirki, amma ya yi kaɗan. Duk mai son a ceci wannan kwaɗo ya sa ƙarfinsa wajen tsare kurmin Saiha da ƙwarinsa da mutanen da ke zaune a cikinsa, don wanda ke cikin gilashi rabin kwaɗon zinariya ne kawai.