Auduga da Lantarki: Takardar da Ke Motsi

Duk wanda ya tashi a Dauran, Zurmi ko Shinkafi ya san auduga, ya kuma san karan dawa da ake darni da shi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Ƙaura Namoda a 1929 aka riƙa lodin auduga da gyaɗar wannan yanki zuwa kudu. Amma ba kowa ya san cewa a cikin zaren auduga akwai sinadarin da ke amsa kiran lantarki ba.

Sunan wannan sinadari selulos, kuma wani Bafaranshe, Anselme Payen, shi ya gano shi a 1838. Shi ne ƙashin bayan tsirrai. Kimanin kashi 90 cikin 100 na zaren auduga selulos ne. Dogayen sarƙoƙin sukari ne, waɗanda a wasu wurare suke jere reras kamar saƙar tabarma.

A 1880 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka lura cewa wasu duwatsu na fitar da lantarki idan an matse su. A 1955 Eiichi Fukada na ƙasar Japan ya nuna cewa itace ma na da wannan ɗabi'a, albarkacin selulos ɗin da ke cikinsa. Akasin haka ma na faruwa: a ba shi lantarki, ya motsa.

A 2006 Jaehwan Kim na Jami'ar Inha a Koriya ta Kudu da abokan aikinsa suka bayyana yadda siririyar takardar selulos, wadda aka shafa wa zinariya ciki da baya, take lanƙwashewa idan an jona ta da lantarki kaɗan. Dalilai biyu ne: ɗabi'ar da muka ambata, da kuma ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kwarara cikin laimar takardar zuwa gefe guda, har gefen ya kumbura.

Sai dai kash, idan iska ta bushe, kamar lokacin hunturu, motsin yakan ragu ƙwarai. To, amma wannan rauni shi ne amfaninta ta wata fuskar. Tun da halin takardar na sauyawa da laima, ana iya yin ma'aunin laima mai araha da ita. Ka tuna, ya kai mai karatu, laima ce ke kawo funfuna a rumbu, funfunar gyaɗa kuwa kan haifar da gubar da ke lalata hanta.

Saboda haka ɗalibin da ya riƙe darasin kimiyyar sinadarai da na lantarki da kyau, kayan bincikensa na nan jibge a gonar gidansu.