Ɗakin Ɗaukar Murya A Cikin Gidanki

Yau filin namu zai yi magana ne a kan wata sana'a da mace za ta iya yi tana cikin ɗakinta, ba ta taka ko ƙofar zaure ba, wato ɗaukar murya.

Iyayenmu sun san zamanin rikoda, lokacin da ake ɗaukar saƙon baki a kaset a aika wa ɗan'uwa da ke Makka ko Ikko. Yau wayar da ke hannunki ta gāji wannan aiki, har ta zarce. Da ita mata ke karanta littattafan hikaya su sa a YouTube, wasu su rera waƙa, wasu kuma su shirya hira a kan girki ko renon yara. Irin wannan shiri na sauraro da ake sawa a intanet shi ake kira fodkas, kalmar da ta fara fitowa a wata jaridar Ingila a 2004.

To, ga inda mata da yawa ke yin asara. Sai mace ta kwashe kuɗin adashinta, ko ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, ta sayo makirufo mai tsada, ta kafa shi a tsakiyar falo mai tayil. Da ta saurari abin da ta ɗauka, sai ta ji kamar daga cikin rijiya take magana. Ki riƙe wannan da kyau: ɗaki ake fara gyarawa, kayan aiki su biyo baya.

Dalili kuwa shi ne, murya idan ta bugi abu mai tauri kamar bangon siminti, ko tayil, ko gilashin taga, dawowa take yi ta sake shiga makirufo. Wannan ita ce amsa-kuwwa. Abu mai laushi kuwa shanye ta yake yi. Saboda haka ki shiga ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ki kasa kunne. Inda tafin ya mutu nan take, nan ne wurin aikinki. Galibi uwar ɗaka ce ke cin wannan jarrabawa, domin akwai gado da katifa da labule da tufafi.

Ki ƙara mata laushi da abin da kike da shi. Ki shimfiɗa kafet ko darduma a ƙasa, ki jingina tsohuwar katifa a bangon da ke bayanki, ki rataya bargo mai kauri a ƙofa da taga. Idan kina da kabad ɗin tufafi, ki buɗe shi ki zauna kina fuskantar zannuwan da ke rataye. Kada wani ya ruɗe ki da manna kwalin ƙwai a bango. Ba ya tare ƙara, ga shi kuma abincin wuta ne. Shi ma soson da ake mannawa a situdiyo amsa-kuwwa kaɗai yake ragewa, ba ya hana kukan janareton maƙwabta shigowa.

Maganin ƙarar waje shi ne zaɓen lokaci. Ki lura da unguwarku kwana biyu ko uku: yaushe injin markaɗe ke tsayawa, yaushe yara ke makaranta, yaushe ake kashe janareto? Da damina kuma kada ki yi jayayya da ruwan sama a kan rufin kwano, ki bari ya ɗauke. Kafin ki fara ki kashe fanka da rediyo, ki cire awarwaro da sarƙa mai ƙara, ki sa wayar a kan alamar jirgin sama don kada kira ya katse ki.

Kada ki riƙe wayar a hannu, domin motsin yatsunki zai shiga. Ki ɗora ta a kan littattafai ko matashi daidai tsayin bakinki, tsakaninku kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Ki ɗan karkata baki gefe kaɗan, saboda haruffa irin su "b" da "f" da "t" suna fita da hucin iska mai bugun makirufo. Kina iya lanƙwasa waya ta zama zobe, ki ɗaura mata siririyar safa mai tsabta, ki tsayar tsakanin bakinki da makirufo. Aikin da ta kanti ke yi ke nan. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

Idan aiki ya fara kawo ɗan taro da sisi, sai ki yi sayayya bi da bi. Farko ki sayi abin sauraro mai rufe kunne ruf, don ki riƙa jin abin da ke shiga. Na biyu makirufo. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai dainamik, irin na masu waƙa a wurin biki, wanda ke jure wahala, kuma da yake ana matsa baki kusa da shi, bai cika kwaso hayaniyar nesa ba. Akwai kondensa, mai kaifin ji, wanda zai kwaso har carar zakaran maƙwabta, kuma yawancinsa sai an ba shi wuta bolt 48 daga wani ɗan akwati mai haɗa shi da kwamfuta. Ga gida mai yara da kishiyoyi, dainamik ya fi. Mai bakin USB kuwa kai tsaye ake soka shi, ba ya bukatar akwatin.

Wajen gyaran murya ba sai kin biya ko kwabo ba. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta tun fitowarta a shekarar 2000, BandLab kuma tana aiki a waya. Ki dubi ma'aunin ƙara yayin da kike magana, kada ya taɓa ja, domin muryar da ta fashe da wuya ta gyaru. Ki bar daƙiƙa 10 na shiru a farko, da su manhaja za ta gane ƙarar ɗakin ta rage ta. In kin yi tuntuɓen harshe, ki tafa hannu ki maimaita jimlar. Tafin zai nuna miki inda za ki yanke. Ki ɗauka da tsarin WAV, wanda awa ɗaya ke cin fiye da megabait 300, sannan ki mayar da shi MP3 wajen aikawa, inda minti ɗaya bai cika wuce megabait ɗaya ba. Ki ajiye kwafi a wuri biyu, waya tana ɓata.

Kada ki raina ɗakin kwana. Mawaƙiyar nan ta Amurka, Billie Eilish, a ɗakin kwanan yayanta a Los Anjalas suka ɗauki kundin waƙoƙinta na 2019, wanda ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2020, tana da shekara 18.

Saura hattara. Ki shawarci maigida, ke kuma 'yar makaranta ki nemi yardar iyaye, kuma sai kin gama aikin gida da na malam. Kada ki karanta littafin wata marubuciya ki sa a intanet sai da izininta, gumin ta ne, doka kuma ta kare mata shi. Kada ki ɗauki muryar kowa a ɓoye, kada ki faɗi unguwarku ko sunan makarantarku, domin abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

In kina neman abin da za ki fara da shi, ga kaka nan zaune a tsakar gida. Ki kai mata goro, ki roƙe ta ta ba ki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko waƙar daka da ta niƙa, ko tarihin gidanku. Hannunki zai faɗa da aikin, jikokinki kuma wata rana su ji muryarta. Allah ya ba da sa'a. Sai mun sake saduwa.