Zaɓen makarantar tuƙin jirgin sama: a dubi halin gida kafin a ƙirga jirage

Cikin samari da ƴan matan ƙasarmu da ke gama karatun lise kowace shekara, akwai waɗanda burinsu shi ne su zama matuƙan jirgin sama. Wannan buri ne mai kyau, kuma ƙasa irin Nijar, mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, inda tafiya daga Yamai zuwa Difa ta haura kilomita 1.300 a mota, ba za ta taɓa ƙoshi da masu wannan sana'a ba. Sai dai idan magana ta zo kan zaɓen makaranta, tambayoyin da iyaye da ɗiyansu suka fi yi guda uku ne: nawa ne kuɗin, jirage nawa gare su, kuma wata nawa za a yi a gama. Dukansu tambayoyi ne na hankali. Amma akwai ta huɗu wadda ba a cika yi ba, alhali ita ce ke bin matuƙi har ƙarshen aikinsa, wato: mene ne halin gidan, kuma yaya zaman malami da ɗalibi yake a cikinsa?

Inda ake samun karatun

A birnin Yamai muna da makarantar EAMAC, wadda aka buɗe a shekarar 1963 ƙarƙashin hukumar ASECNA, ita kuwa an kafa ta a 1959 don kula da lafiyar zirga-zirgar jirage a samaniyar ƙasashen Afirka da dama. EAMAC tana horar da masu jagorancin jirage daga hasumiya, da ma'aikatan meteo, da masu gyaran na'urorin sadarwa. Shi kuwa mai son zama matuƙin jirgin fasinja, galibi sai ya ƙetare iyaka. Akwai kwalejin Zariya a Nijeriya da aka kafa a 1964, akwai makarantar kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa, akwai ENAC ta Faransa da ke Tulus tun 1968, akwai kuma makarantu masu zaman kansu masu yawa a Afirka ta Kudu, da Turai, da Amurka.

Matakan karatun kusan ɗaya ne ko'ina, domin ƙungiyar OACI, wadda yarjejeniyar Cikago ta 1944 ta haifa, ita ce ke tsara ƙa'idojin. Takardar izini ta farko, ta mai tuƙin kansa, tana neman aƙalla sa'o'i 40 a sama. Ta biyu, wadda ke ba mutum damar a biya shi albashi, tana neman sa'o'i 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken tsarin makarantar da hukuma ta amince da shi. Ta uku, wadda ake zama kwamandan babban jirgi da ita, sai an cika sa'o'i 1.500. Tun da littafin ɗaya ne, jarabawar kuma kusan ɗaya, to ina bambancin yake? Bambancin yana cikin abin da ba a rubuta a takarda ba.

Ƙaramin jirgin koyo, irin su Cessna 172 ko Diamond DA40, wurin zamansa bai wuce gaban ƙaramar mota ba. Malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa suke zama, cikin ƙara da zafi da girgiza, sa'o'i masu yawa. A nan ɗalibi ke koyon riƙe jirgi, a nan kuma yake ɗaukar halin malaminsa ba tare da ya sani ba: yadda yake duba jirgi kafin tashi, ko da natsuwa ko da gaggawa; yadda yake karɓar gyara; yadda yake yi idan abu ya rikice. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Abin da haɗurra suka koyar

Ran 27 ga watan Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo kan titin jirgi cikin hazo, mutane 583 suka rasu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya fi shi yawan rai ba. Kwamandan jirgin KLM yana cikin manyan malaman tuƙi na kamfaninsa. Ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya fita daga titi, kwamanda ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, ba wanda ya sake magana.

A watan Disamba na 1978 kuma, wani jirgin kamfanin United ya yi ta zagaya birnin Fotland na Amurka wajen sa'a guda, kwamanda ya duƙufa kan matsalar ƙafafun sauka, mai yana ƙarewa. Na ƙasa da shi sun ambaci man, amma ba da ƙarfin da zai juyo da hankalinsa ba. Injuna suka mutu, mutane 10 suka rasu. Bayan waɗannan ne hukumar NASA ta kira taro a 1979, aka fito da wani sabon darasi da ake kira CRM, wato koyar da ma'aikatan jirgi yadda za su yi aiki tare: babba ya saurara, ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili. Kamfanin United ya fara koyar da shi a 1981, yau kuwa ya zama tilas ga kamfanonin jirage.

Kada a ce abin na ƙasashen nesa ne. Ran 5 ga watan Mayu na 2007, jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala da tsakar dare cikin hadari, ya dinga karkata dama sannu a hankali har ya faɗa cikin fadama, duk mutane 114 da ke ciki suka rasu. Rahoton hukumar Kamaru ya nuna cewa matuƙan sun rasa sanin yadda jirgin yake tsaye cikin duhu, ya kuma ambaci zaman da ke tsakaninsu: kwamanda mai shekara 52 wanda ya yi wa mataimakinsa kakkausar magana tun a zangon farko na tafiyar, da mataimaki mai shekara 23 wanda ya koma shiru.

Kunya da girmamawa

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, kada ya katse shi, kada ya gyara masa magana cikin mutane. Wannan ɗabi'a ado ce a gida da cikin gari. Amma a gaban jirgi, inda daƙiƙa biyar ke raba sauka lafiya da ta'aziyya, shirun ladabi yana iya kashe mutane. Makaranta ta gari ita ce wadda ta san da haka, take koya wa ɗalibi cewa yana iya girmama malaminsa kuma ya ce masa gudun jirgi ya ragu, ko ba a ba mu izini ba, da murya sarai, har sau biyu ko uku idan ba a ji ba. Makarantar da malami ke tsawa, yana wulaƙanta ɗalibi gaban abokansa, tana ƙara wa yaronmu kunya bisa kunya. Zai iya cin jarabawa, ya samu takarda, amma ya fito da bakin da ba ya buɗuwa ranar da ake bukatarsa.

Yadda ake karɓar kuskure

Ma'auni na biyu shi ne abin da ake yi wa wanda ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa. Ɗalibi ya sauko da ƙarfi har ƙafar jirgi ta bugu, ba wanda ya gani. Idan ya san za a ci shi tara ko a yi masa dariya, zai yi shiru, na bayansa ya hau jirgi mai rauni. Idan kuwa ya san za a gode masa, a kira masu gyara su duba, a mai da abin darasi ga kowa, zai faɗa nan take.

Tarihi ya nuna muhimmancin wannan. A watan Disamba na 1974 jirgin TWA ya bugi dutse yayin da yake gangarowa zuwa Washintan, mutane 92 suka rasu. Bincike ya gano cewa makonni shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun yi irin wannan kuskuren fahimta a wuri ɗaya, suka tsira da ƙyar, suka sanar da kamfaninsu, amma labarin bai kai ga sauran kamfanoni ba. Saboda haka a 1976 aka kafa a Amurka wani tsari na kai rahoto a asirce, NASA ke riƙe da shi, don kowa ya amfana da tuntuɓen wani. Mai neman makaranta ya tambaya: kuna da wurin da ɗalibi ke rubuta kuskurensa ba tare da tsoro ba? Yaushe aka yi taro na ƙarshe a kan irin waɗannan rahotanni? Idan aka ce masa su ba su taɓa yin kuskure ba, to ya kama hanyarsa.

Malamai, kuɗi da yanayin sama

A makarantu da yawa, malamin tuƙi saurayi ne da bai daɗe da gamawa ba, yana koyarwa don ya tara sa'o'in da kamfani ke nema. A Amurka, alal misali, tun 2013 ƙa'idar gaba ɗaya ita ce sai mutum ya cika sa'o'i 1.500 kafin ya zama mataimakin matuƙi a jirgin fasinja. Wannan ba aibu ba ne, da yawansu suna koyarwa da zuciya ɗaya. Amma inda malamai ke tafiya kowane wata, ɗalibi yakan wuce hannu biyar ko shida, kowane sabo sai ya sake gwada shi daga baya, kuma kowace sa'a da aka maimaita kuɗi ce daga aljihun iyaye. Ya kamata a tambayi ko akwai tsofaffin malamai da ke tsaye bisa ƙanana, da kuma ko ɗalibi yana da ikon neman a canza masa malami ba tare da an riƙe shi a zuciya ba.

Sai kuma batun fasa tashi. Makaranta ba ta samun kuɗi idan jirgi na ƙasa, saboda haka akwai jarabar a tura ɗalibi sama ko da sama ba ta yi kyau ba. Mu mutanen Sahel mun san hazon hunturu da ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, mun san guguwar da ke gabatar ruwan damina, mun san zafin bazara da ke sa iska ta yi sauƙi har jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Wanda zai yi aiki a wannan samaniya dole ya iya cewa yau ba zan tashi ba. Wannan kalma a makaranta ake koyonta, kuma ba a koyonta sai inda ake yaba wa mai faɗinta.

Zaman baƙunci

Karatun yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, nesa da gida. Tun watan Maris na 2008 OACI ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare ƙasashe su kai mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi, harshen da yaranmu masu karatun Faransanci ba su saba magana da shi ba. A makarantar da ake haƙuri da mai laluben kalma a rediyo, harshensa zai sake da wuri. Inda ake kwaikwayonsa ana dariya, tsoron rediyo zai bi shi. Haka nan a duba wurin kwana, da abinci, da wurin ibada, da yadda ɗaliban ƙasashe dabam-dabam ke taimakon juna wajen bita. Ga ƴan mata tambayar ta ƙara nauyi. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi cikin rundunar sojan Nijar, kuma babu shakka wasu za su bi sawunta. Iyaye su tambayi ko akwai mata cikin ɗalibai da malamai, da kuma wurin wa ake kai ƙara idan wani ya wuce gona da iri.

Kafin a sa hannu

Gani ya kori ji. Wanda ke da hali ya je da ƙafarsa, ya yini a makarantar ranar aiki. Ya zauna inda ɗalibai ke jira, ya saurari yadda malami ke yi wa ɗalibi bayani kafin tashi da bayan sauka, ya ga ko ana ba abin lokacinsa. Ya leƙa rumfar gyara, ya ga ko kayan aiki na shirye, ko kuma ana sauraron masu gyara idan suka tsai da jirgi. Ya yi hira da ɗalibai inda ba shugaba kusa. Wanda nisa ya hana, ya nemi waɗanda suka gama can ta waya, har da wanda ya bari bai gama ba, don shi ma yana da abin faɗi. A tambayi mutum nawa suka shiga shekarun baya, nawa suka fita da takarda, kuma cikin wata nawa.

Abu biyu na ƙarshe. A yi gwajin likita na aji na farko kafin a kashe ko dala, domin matsalar ido ko zuciya tana iya rufe hanyar tun daga ƙofa. A kuma tuntuɓi hukumar ANAC ta Nijar don a san sharuɗɗan amincewa da takardar da za a kawo daga waje. Kuɗin kuwa a biya su kashi-kashi gwargwadon yadda karatu ke ci gaba, kada a zuba su duka a rana ɗaya.

Gida da yawa sai sun sayar da fili ko garke kafin su kai ɗa ɗaya wannan karatu. Ya dace wannan dukiya ta tafi inda za a dawo mana da matuƙi mai faɗin gaskiya gaban babba, mai bayyana kuskurensa, mai iya fasa tafiya idan sama ta ƙi. Irinsa ne za mu ba amanar iyayenmu da ɗiyanmu, mu koma gida hankali kwance.