Daga Gyadi-Gyadi zuwa Makka a ƙafa: za ka iya?

Idan ka tsaya a Gyadi-Gyadi da safe kana jiran adaidaita sahu, juya ka dubi titin Maiduguri. Ka san ya ratsa Tarauni da Hotoro, ya wuce kasuwar goro ta Mariri, ya nufi Wudil. Watakila iyakar saninka da shi ke nan. To wannan gabas ɗin da yake fuskanta, nan kakanninmu suke dosa idan sun yi niyyar aikin Hajji, kuma da yawansu a ƙafa suke tafiya, jaki ne kawai ke ɗaukar kaya.

Abin da ya sa na tono zancen, na ga yadda samari suka yi ta yaɗa labarin Shihab Chottur, ɗan Kerala ta ƙasar Indiya, wanda ya taso a watan Yunin 2022 ya taka sama da kilomita 8,000, ya isa Makka a 2023. Sai ka ji ana cewa, "Wallahi ni ma zan iya." Ban ga laifinka ba, tunda kuɗin kujera a 2025 ya haura naira miliyan 8. Amma bari ka ji yadda tafiyar take a da.

Daga Kano sai ƙasar Borno. A ƙetara zuwa Fort Lamy, wadda yau ake kira N'Djamena, a miƙa zuwa Abeche, a shiga Darfur ta El Geneina, sai El Fasher, sai El Obeid, sai Omdurman a bakin kogin Nilu. Daga nan a nufi Suwakin ko Port Sudan, a jira jirgin ruwan da zai tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. A faɗe kamar wasa. A ƙasa kuwa shekaru ake yi.

Ba tsawon hanya kaɗai ke cinye shekarun ba, guzuri ne ke ƙarewa. Talaka ba ya fita da kuɗin zuwa da dawowa, da sana'arsa yake fita. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, baduku ya ɗauki kayan aikinsa, malami ya ɗauki allo da tawada. Inda aljihu ya bushe sai a yada zango, a yi noman damina ɗaya ko biyu, a yi ga-ruwa, a yi dako, mata su soya ƙosai, a tara abin da za a ƙara gaba. Bayan an buɗe gonakin audugar Gezira a Sudan a 1925, dubban mutanenmu sun yi ƙwadago a can suna haɗa kuɗin jirgi. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mamata a hanya. Yaron da aka goya daga Kano kan iya isa Makka da ƙafarsa. Shi ya sa mai tafiya yake neman gafarar kowa kafin ya fita, ya bar wasiyya, don ba a sa ran ganinsa nan kusa.

Wasu kuma ba su isa ba, ba su dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Har yau akwai masu jin Hausa a garuruwan Sudan da dama, waɗanda ba su taɓa ganin Dutsen Dala ba. Kada kuma in ɓoye maka ɓangaren da ba a son faɗa: akwai 'yan fashi, akwai annoba, akwai yaran da suka faɗa hannun masu sayar da bayi a Hijaz, don sai 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Mota ce ta fara rage wahalar, sannan jirgin sama. Wapa ɗin nan ta Fagge da kake zuwa canjin dala, sunanta ya samo asali ne daga kamfanin jigilar alhazai na su Alhaji Mahmud Ɗantata. Yanzu daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda 'yan awoyi ne.

To kai da kake ɗaura takalmi, ka sani cewa tsohuwar hanyar a toshe take. Tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, kuma El Geneina da El Fasher, zangon alhazan da, suna cikin garuruwan da aka fi zubar da jini. Kafin ma ka kai can, akwai matsalar tsaro a Borno da iyakar Kamaru. Ko ka tsallake duk wannan, ba a shiga Makka lokacin Hajji sai da bizar Hajji, ita kuma ta hannun hukumar alhazai ko kamfanin da aka amince da shi take fitowa. Ƙafa ba ta ba ka ita.

Idan akwai tsoho a gidanku da ake cewa iyayensa sun je "ta ƙasa", je ka zauna da shi a ƙarshen makon nan, ka kunna rikodar wayarka. Tambaye shi garuruwan da suka tsaya, sana'ar da suka yi, da sunayen waɗanda aka baro a Sudan.