Robar da Ba Ta Mantuwa

Baƙon da ya shiga birnin Daura bai cika komawa gida ba sai ya leƙa rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Masu ziyara sukan ɗura ruwan a gorar roba su tafi da shi tsaraba. Ruwan suka je nema, amma ita kanta gorar tana da wani hali da ya kamata ɗalibin kimiyya ya lura da shi. In aka juye ruwan, aka zuba mata tafasasshe, nan take za ta yamutse, ta tsuke, ta rage tsawo. Ba narkewa ta yi ba. Ƙoƙari take yi ta koma ƙaramar siffar da take da ita kafin a hura ta a masana'anta.

Dalili kuwa shi ne, roba tana cikin dangin abubuwan da masana ke kira folima, waɗanda ƙwayoyinsu dogayen sarƙoƙi ne da suka cuɗe da juna kamar dafaffiyar taliya. Idan akwai sanyi, sarƙoƙin ba su iya motsi, sai robar ta yi tauri. Amma kowace irin roba tana da wani mizanin zafi wanda in an kai shi sarƙoƙin za su saki jiki tun ba a kai ga narkewa ba. Na robar gora yana wajen digiri 70 a ma'aunin santigireti. In aka ja roba tana da zafi, aka sanyaya ta da sauri, sarƙoƙin za su daskare a miƙe, kamar danƙon da aka ja aka ɗaure. Ranar duk da zafi ya dawo, ɗaurin ya kwance ke nan.

Wannan hali ya daɗe yana ba masu na'urar ɗab'in 3D ciwon kai. Ita wannan na'ura ba rubutu take bugawa ba, kaya take ginawa. Irin wadda ta fi yaɗuwa, wadda Scott Crump ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1989, tana narka zaren roba a zafin da ya kai kimanin digiri 200, ta riƙa shimfiɗa shi sahu bisa sahu, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora laka, har abin da aka zana a kwamfuta ya tashi. To, kowane layi da bakin na'urar ya ja, a miƙe yake daskarewa. Shi ya sa kayan ke kantarewa idan suka ji ɗumi.

A 2013 Skylar Tibbits na cibiyar MIT ya yayata sunan ɗab'in 4D, wato kayan da aka buga domin su sauya siffa daga baya. A kan tsawo da faɗi da kauri an ƙara na huɗu, shi ne lokaci. Daga nan aibi ya soma zama dabara. A 2018 ayarin Lining Yao a Jami'ar Carnegie Mellon ya nuna wata hanya mai suna Thermorph. Ana buga faifai shimfiɗaɗɗe mai sahu biyu, ɗaya na robar da ke tsukewa, ɗaya na wadda ba ta tsukewa. Da an tsoma shi a ruwan zafi, sai gefe guda ya ja ɗan'uwansa, faifan ya naɗe kansa ya zama fure ko jirgin ruwa. Inda layukan suka dosa da saurin da aka buga su, su ne ke yanke inda zai lanƙwasa da iyakar lanƙwasar. Babu inji, babu batir.

Amfanin ya wuce wasan yara. Abu shimfiɗaɗɗe ya fi saurin bugawa, ya fi kuma sauƙin ɗauka a mota. Akan buga madaurin karayar hannu a shimfiɗe da robar PLA, wadda ake samu daga sitacin masara ko rogo ko kuma rake, a tsoma shi a ruwan zafi, a lanƙwasa shi daidai da hannun mai jinya, ya huce ya riƙe.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. PLA, wadda ta fi kowace sauƙin bugawa, tana sakin jiki ne a wajen digiri 60. A ƙasashen sanyi wannan ba abin damuwa ba ne sosai. A Daura kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kan haura digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana yakan wuce 60. Madaurin da aka manta a gaban mota da azahar yana iya komawa shimfiɗarsa kafin la'asar, haka ma marikin wani inji da aka bari bisa kwanon rufi. Abin da aka shirya zai motsa a tukunyar ruwan zafi, rana ta riga ta motsa shi.

Saboda haka ɗaliban injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, dukansu a Daura, ba za su kwafi lissafin Turai ido rufe ba. Robar PETG tana jurewa zuwa wajen digiri 80, ABS kuwa har ta ɗan wuce 100, ko da yake ta fi wuyar bugawa kuma tana hayaƙi mai wari.

Malamin da ba shi da na'urar ma yana iya nuna wa aji tushen abin. Sai ya sa ɗalibai su auna tsawon gora biyu iri ɗaya, ya cire murafunsu, ya ajiye su cikin kwano, ya zuba wa ɗaya ruwa mai ɗumi, ɗayar kuma tafasasshe. Shi zai yi zubin da kansa, yara na nesa. Bayan sun huce a sake aunawa.