KWANA BAKWAI KAFIN SUNA: KULA DA LAFIYAR JARIRI A SABO DA BODIJA

Tun shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a birnin Ibadan, inda fataken goro da na shanu suka kafa gidajensu. Da aka buɗe Kasuwar Bodija a 1987, sai cinikin kayan abinci da yawa ya koma can. Motocin wake da masara da gero da albasa daga Arewa a nan suke sauke kaya, saboda haka magidanta da dama sukan bar gida tun da asuba, ba su komowa sai bayan magariba. Waɗansu iyalai an haife su a Sabo tun kaka da kakanni, amma akwai matan aure masu yawa waɗanda iyayensu suna can Kano ko Katsina ko Sakkwato. Idan irin wannan mace ta haihu, uwarta tana nesa, mijinta kuwa yana kasuwa. Domin irin waɗannan iyalai aka shirya wannan bayani.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba su cika wata guda a duniya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke mutuwa a watan farko, a cikin makon farko suke mutuwa. Watau kwanakin nan bakwai da ake shirin suna, ana neman rago, ana sayen goro, ana aika wa dangi, su ne kwanakin da suka fi kowane lokaci hatsari a rayuwar ɗan Adam. Yawancin abubuwan da ke kashe jarirai a wannan mako ana iya tsare su, ko a warkar da su, muddin an lura da wuri.

ƊUMI

Jariri yakan fito daga cikin uwa da jiƙaƙƙen jiki, kuma ba shi da ƙarfin riƙe ɗuminsa kamar babba. Da zarar an haife shi sai a goge shi da tsumma mai tsabta, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Kada a yi masa wanka sai bayan awa 24. Farin maiƙon nan da ke jikinsa ba ƙazanta ba ce, yana kare fatarsa. Bayan haka wanka sau ɗaya a yini da ruwa mai ɗumi ya isa, a cikin ɗaki, a kuma yi shi da sauri, musamman da damina da lokacin hunturu.

Jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini, yana bukatar ƙarin kulawa. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a 1978, likitoci suka soma ɗaura irin waɗannan jarirai a ƙirjin uwayensu dare da rana saboda ƙarancin kwalaben reno, aka kuwa ga sun rayu. Yanzu ana koyar da wannan dabara a asibitocin Nijeriya. Goyo ne irin wanda kowace Bahaushiya ta sani, sai dai a gaba ake yinsa, kuma babu riga tsakanin uwa da ɗa.

Neman ɗumi ba hujja ba ce ta rufe ɗaki a hura gawayi. Hayaƙi yana ɓata huhun jariri, yana kuma iya halaka uwa da ɗa cikin barci. A bar taga a buɗe kaɗan, su kwana cikin gidan sauro mai magani.

NONO

A sa jariri a nono cikin awa guda bayan haihuwa. Nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda ake kira dakashi, waɗansu sukan matse shi su zubar da zaton gurɓatacce ne. Wannan kuskure ne babba. Dakashi ɗauke yake da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka, yana kuma wanke masa baƙin kashin nan na farko. Ko da yake kaɗan yake fitowa, ya ishe shi, gama cikin sabon jariri ɗan ƙarami ne ƙwarai.

Daga ranar haihuwa har zuwa wata shida, nonon uwa kaɗai ya kamata ya shiga bakin yaro. Ba a ba shi ruwa, ko ɓauri, ko jiƙo, ko zuma, ko madarar shanu. Ruwan da yake bukata yana cikin nono, ko da a kwanakin zafi. Ruwan rijiya ko na garuwa kuwa yana iya jawo masa zawo, zawo kuma ba ya ɗaukar lokaci wajen ƙarar da jariri. A ba shi nono duk sa'ad da ya nema, aƙalla sau takwas a dare da yini. Bayan kwanakin farko, in yana fitsari kamar sau shida a yini, alama ce yana ƙoshi.

CIBIYA

Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jinin jariri. Kowa zai taɓa ta, ya fara wanke hannu da sabulu. Gwamnatin Tarayya ta amince da wani man cibiya mai suna kuloheksidin, wanda ake samu a asibitoci da kantunan magani. Ana shafa shi sau ɗaya a yini tun daga ranar haihuwa, kamar yadda ungozomar asibiti za ta nuna. Na cibiya ne kawai, kada ya kusanci ido ko kaɗan.

Cibiya takan faɗi da kanta tsakanin mako ɗaya zuwa biyu. Son a ga ta faɗi kafin ranar suna shi ke sa ana gasa ta da tsingaro ko tsumma mai zafi, ana barbaɗa mata toka ko gishiri, ko a shafa mata man goge baki. Ta irin wannan hanya ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ke shiga. Jaririn da ta kama yakan daina kama nono bayan 'yan kwanaki, jikinsa ya sandare, ya riƙa zabura, kuma kaɗan ne ke tsira. Allurar rigakafin da ake yi wa mace lokacin awon ciki tana kare ta, tana kuma kare abin da ta haifa. Suna ba ya ɓaci don cibiya ba ta faɗi ba.

SHAWARA

Jarirai da yawa sukan yi ɗan rawaya a rana ta biyu ko ta uku, daga baya ya wuce. Amma idan shawara ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har iyakar ransa. Ɗakin jego yakan zama da duhu, saboda haka sai a fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya a duba shi da hasken rana. A duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa ko hancinsa da yatsa a ga launin da ke ƙasa. In an ga rawaya tun ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, a tafi asibiti nan take. A can ana kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, in ta yi tsanani a canja masa jini. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan sukari ba ya magani, sai ɓata lokaci.

Binciken da likitoci suka yi a Jami'ar Ibadan tun shekarun 1960 ya taimaka wajen gane cewa kusan namiji ɗaya cikin biyar a Nijeriya yana da wani rauni na gado a jininsa, wanda ake kira ƙarancin G6PD. Jaririn da ke da shi, in ya haɗu da waɗansu abubuwa, sai ƙwayoyin jininsa su farfashe, shawara ta taso masa da ƙarfi. Babba daga cikinsu shi ne kafur da ake sa wa a akwatin tufafi. Haka kuma hoda da man zafi masu mantol, da lalle. Kayan jaririn da suka daɗe a akwati da kafur, lalle a wanke su a shanya tun kafin haihuwa. Kwalli ma a nisanta shi daga idon jariri, domin akan sami dalma a cikinsa.

AIKIN WANZAMI

Askin suna ba shi da laifi idan an yi shi da sabuwar reza da hannu mai tsabta. Cire beli kuwa ba shi da wani amfani ga lafiya. Allah ya halicci beli da aikinsa, kuma yanke shi yana jawo zubar jini da shigar cuta, har jariri ya kasa shan nono. Tsaga da sakiya su ma hanyoyi ne na ɗaukar ciwon hanta da sauran cututtukan jini. Kaciyar 'ya'ya mata, ko da wane suna aka kira ta, Gwamnatin Tarayya ta haramta ta a cikin dokar da aka sa wa hannu a 2015.

RIGAKAFI DA AWO

Akwai rigakafi uku da ake yi wa jariri da zarar an haife shi: allurar BCG, watau lamba, domin tarin fuka, ɗigon baki domin shan inna, da allurar ciwon hanta, wadda ta fi amfani a cikin awa 24 na farko. Daga nan sai a koma a mako na 6, na 10 da na 14, sa'an nan a wata na 9. Kyauta ne a asibitocin gwamnati. Da irin wannan ɗigo aka kai ga tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga nahiyar Afirka a watan Agusta 2020. A adana katin rigakafi kamar yadda ake adana takardar fili, a kuma tafi da shi in za a yi tafiya Arewa.

Ko a gida aka haihu, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri cikin awa 24, sa'an nan a rana ta uku, da mako na biyu, da mako na shida. Zaman ɗaki na jego ba ya hana wannan fita.

ALAMOMIN HATSARI

Idan aka ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira gari ya waye:

1. Jariri ya ƙi kama nono, ko ya kasa tsotsa.
2. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau.
3. Numfashinsa ya kai sau 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko yana nishi.
4. Yana zabura ko sandarewa.
5. Ya yi laƙwas, ba ya motsi sai an taɓa shi.
6. Cibiya ta yi ja, ko tana wari, ko tana fitar da mugunya ko jini.
7. Idanu sun kumbura suna fitar da mugunya.
8. Rawaya ta kai tafin hannu da ƙafa.

Mazauna Sabo da Bodija ba su da nisa da taimako. Akwai asibitin haihuwa na Adeoyo a Yemetu, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan wanda aka buɗe a 1957, ban da ƙananan asibitocin unguwanni. Wadda ba ta jin Yarabanci ko Turanci, ta tafi da maƙwabciya mai ji, domin likita ya fahimci yadda ciwon ya soma da abin da aka riga aka ba yaron.

LAFIYAR MAI JEGO

Lafiyar jariri tana rataye da ta uwarsa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. A rage kanwa, a sassauta zafin ruwan wanka, a ba mai jego abinci mai gina jiki, kamar wake da nama da ƙwai da ganye. In ta yi zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ta kumbura tana haki, ko kanta yana ciwo mai tsanani, ita ma a kai ta asibiti ba da jinkiri ba.

NAUYIN MAIGIDA

Sau da yawa uwa takan ga alamar ciwo tun da hantsi, amma ta zauna jiran maigida ya komo daga kasuwa domin neman izini da kuɗin mota. Ciwon jariri ba ya jiran a tashi kasuwa, awa shida tana iya raba rai da mutuwa. Saboda haka ya wajaba maigida, tun kafin haihuwa, ya ba da izini a fili, a gaban tsofaffin gida, cewa duk lokacin da aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan a tafi asibiti ko ba ya nan. Ya ajiye kuɗin mota da na magani a hannun matarsa, dabam da kuɗin rago. Ya kuma shirya da wani direba ko mai Keke Napep na unguwa wanda za a iya kira da tsakar dare.

Masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Bodija su ma suna da rawar takawa wajen isar da wannan saƙo, gama maganarsu tana da nauyi a kunnen magidanta. Mutumin da ba ya sayen ragon suna sai ya duba haƙoransa da idanunsa, ya fi cancanta ya duba idon ɗansa da cibiyarsa kowace safiya kafin ya kama hanyar kasuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba.